Na raka yara gidajen tarihi a Landan, ashe almakashi da gam ake ba su

Zuwana Landan a ƙarshen Oktoban 2023 ya faɗo daidai da hutun mako ɗaya da makarantun Ingila suke bayarwa a tsakiyar zango. Yaya yana fita aiki, matarsa ma tana fita, ni ce baƙuwa mai zaman banza a gida, shikenan aka haɗa ni da yara biyu, takwarata 'yar shekara biyar da Auta ɗan shekara uku. Ga sanyi, ga ruwan saman da ba ya sallama kafin ya sauko, yara an kulle su a ɗaki har sun fara neman hawa labule. Matar Yaya ta ce "Goggon yara ki kai su gidan tarihi mana, ai shiga kyauta ce, kuma lokacin hutu suna shirya wa yara aikin hannu." Na ce Anti aikin hannu kuma a gidan tarihi? Ta ce ke dai ki sa musu kayan da ba kya tsoron su ɓaci.

Wanda muka fara zuwa sunansa Horniman, yana kudancin birnin a unguwar Forest Hill. Daga tashar jirgi ba nisa amma fa hawan tudu ne, ina tura keken Auta ina haki takwara tana gaba tana tsalle tana cewa Goggo ki yi sauri. Kafin ma ka shiga ƙofa akwai wani dogon gungumen itace a tsaye a waje, an sassaƙa shi tun daga ƙasa har sama, mikiya a can ƙoli, ƙasa da ita wata yarinya sannan dabbar nan beya. Wani masassaƙi ɗan ƙabilar Tlingit ta Alaska mai suna Nathan Jackson ne ya yi shi a 1985, kuma labarin wata yarinya ce da ta auri beya. Da na faɗa wa takwara haka sai ta ɗaga kai ta kalle ni ta ce "Goggo, mamanta ta yarda?" Na ce mu shiga ciki ana sanyi.

Mai gidan na asali Frederick Horniman attajirin ganyen shayi ne, kuɗin shayi suka yi masa yawa ya shiga tara kaya daga ko'ina a duniya, ƙwari ne, kayan kiɗa ne, tufafi ne, sassaƙe-sassaƙe ne, har gidan da yake zaune ya cika ya batse. A 1901 aka buɗe wannan ginin mai hasumiyar agogo, ya ba mutanen Landan shi kyauta, kuma har yau ba a biyan ko sisi a ƙofa, sai dai wurin kifaye da gidan malam-buɗe-littafi su ne ake yankar tikiti. Duk yaron unguwar abin da ya fi sani a gidan shi ne wata ƙatuwar dabbar ruwa mai haure biyu da ake kira walrus, an kawo ta daga Kanada tun ƙarni na 19. Waɗanda suka cusa wa fatar kaya ba su taɓa ganin mai rai ba, ba su san jikinta a tattare yake ba, suka yi ta cusawa suna ƙarawa har ta kumbura ta yi sumul. Auta ya tsaya a gabanta ya kafe, sai da na yi masa alkawarin za mu dawo mu yi mata sallama sannan ya yarda ya taka.

Babban zauren da suke kira World Gallery an buɗe shi ne a 2018, kaya sama da 3,000 ne a ciki daga nahiyoyi daban-daban. Gaskiya dai yaro ɗan shekara uku ba ya tsayawa kallon abu a bayan gilashi, Auta gudu kawai yake daga wannan kwana zuwa waccan yana manna hanci a jiki yana barin shaida. Ni kuma mutane na tsaya kallo. Ga wata Basomaliya da yaranta uku, ga wata tsohuwa tana yi wa jikanta faɗa da wani yaren gabashin Turai, ga wani Basikhe, mabiyin addinin Sikh, da rawaninsa ya ɗora 'yarsa a wuya, ga wasu da jin muryarsu ka san asalinsu Jamaika ne. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na mazauna Landan ba a Birtaniya aka haife su ba. Toh ka ga idan an tara yara an ce yau za a nuna muku fasahar wasu mutane na can nesa, akwai yiwuwar a cikin yaran nan da ke zaune akwai wanda abin na kakarsa ne, yana ma rataye a falonsu, kuma uwarsa tana tsaye a baya tana jin duk abin da za a faɗa. Mai bayani dole ya iya bakinsa.

Inda abin ya yi armashi shi ne wani ɗaki da suke kira Hands on Base. Nan doka ta juye, kayan da ke ciki dubbai ne kuma an ware su ne musamman don a taɓa. Wata ma'aikaciya matashiya ta zaunar da yaran a ƙasa suka yi da'ira, mu iyaye muka tsugunna a bayansu, ta ce doka uku ce, a zaune ake riƙewa, da hannu biyu, in ka gama ka miƙa wa na kusa da kai. Sai ta ciro wata 'yar tsana shafaffiya kamar takarda, dogon hanci, siraran hannuwa da suka kusa kai gwiwa, jikinta duk huji-huji ƙanana kamar leshi, an shafa mata ruwan gwal da ja. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta ce daga ina take ba. Cewa ta yi ku shinshina. Wani yaro ya kai hanci ya yamutsa fuska ya ce warin takalmi take, iyaye muka kwashe da dariya uwarsa ta fara jin kunya, ita kuwa ma'aikaciyar ta ce ka yi daidai, toh da me ake yin takalmi? Wata ta ce fata. Ta ce madalla, fatar wa? Aka shiga canka, wannan ya ce kare wancan ya ce giwa, takwara ta ce walrus. Ta ce toh me ya sa aka huhhuda ta haka, wa ya ɓata ta? Nan aka yi shiru kowa yana juya ta yana leƙa hujin da ido ɗaya.

Sai da ta zagaya hannun kowa sannan ta ɗauko ƙwallon taswirar duniya ta ɗora yatsa a kan tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, ta ce daga nan take, sunan wasan wayang kulit. Fatar ɓauna ake busarwa a kankare ta har ta yi shara-shara, a zana siffar, sannan mai sana'ar ya zauna da ƙananan ƙarafa masu kaifi da 'yar guduma yana huda ta ɗaya bayan ɗaya, sandunan riƙewa kuma na ƙaho ne. Ana kafa farin ƙyalle a kunna fitila a bayansa, mutum ɗaya da ake kira dalang shi zai zauna ya motsa duka 'yan tsanan, shi ne muryar sarki shi ne muryar dodo shi ne mai ba da dariya, makaɗan gamelan suna bayansa da ƙarafansu na tagulla, kuma a al'ada wasan yakan kai tun dare har asuba. UNESCO ta sa shi cikin manyan al'adun duniya a 2003, amma wannan ni ta faɗa wa da na tare ta daga baya, yara ba ruwansu da UNESCO, abin da ya dame su shi ne wai mutum ya kwana zaune bai yi barci ba kuma babu wanda ya yi masa faɗa. Ta kuma nuna musu ɗan gajeren bidiyo na wani dalang na wannan zamani, ga 'yan kallo suna ɗaukarsa da wayoyinsu. Wannan ya burge ni ƙwarai, don a gidan tarihi abu ne mai sauƙi yaro ya ɗauka duk masu kayan nan sun mutu sun ƙare.

Daga nan aka koma tebura, gajeru daidai tsayin yara, ni da na zauna a kujerar gwiwata ta kusa taɓa haɓata. An zube baƙin kwali, almakashi mai dakusasshen baki, abin huda takarda, tsinkayen katako, salatif, da ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake sokawa a ware ƙafafun ta baya don hannu ya riƙa juyawa. Abin da na lura da shi shi ne ba ta ce ku kwaikwayi wannan ba. Ta mayar da ta Java cikin akwatinta ma tukuna, ta ce kowa ya yi wanda yake cikin nasa labarin, mutum ko dabba ko dodo, sharaɗi biyu ne kawai, gaɓa ɗaya ta riƙa motsi, kuma a bar wa haske hanya. Takwara ta yi kyanwa mai fukafukai da ƙafa biyar. Na ce takwara kyanwa ai ƙafa huɗu gare ta, ta ce "Goggo ta biyar ɗin ta ajiya ce, in ɗaya ta gaji." Auta shi bai yanka komai ba, abin huda takardar nan ya samu ya danne da hannu biyu yana fitar da harshe, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har kwalin ya kusa zama rariya.

A teburinmu akwai wani uba, da ganinsa mutum ne mai son komai ya fita tsaf. Ɗansa ya fara yanka wani abu mai kama da kifi ya karkace, sai ya ce kawo in gyara maka, ya karɓi almakashi, gyara ta zama sabon aiki, ya zana doki da gashin wuya da kofato har yana karkata kai yana duba aikinsa, wallahi doki ya yi kyau. Yaron kuma tuni ya sauka yana ƙarƙashin tebur yana tsintar ƙananan da'irorin da suka zubo daga hujin Auta. Ma'aikaciyar ta zo wucewa ba ta ce wa uban komai ba, sabon kwali kawai ta miƙa wa yaron a ƙarƙashin teburin da wani almakashi, ta wuce abinta. Ni dai a ganina wannan ce babbar matsalar irin wannan zama, ba yara ba, mu manya. Muna son a koma gida da abin da za a manna a jikin firij a ɗauki hoto a tura wa dangi, shi kuma yaro ɗan shekara huɗu abin da hannunsa yake nema shi ne ya ji yadda almakashi yake cin kwali.

Aka rage fitilu, aka ja farin ƙyalle aka kunna tocila a baya, yara suna shiga bibbiyu. Dokin uban nan ya fito baƙi ƙirin, kyakkyawa amma dunƙulalle, don ya manta da sharaɗi na biyu. Kyanwar takwara ta tashi sama tana kaɗa ƙafar ajiya. Da aka zo kan Auta ya ɗaga kwalinsa da ba shi da siffar komai, sai haske ya ratsa hujin nan gaba ɗaya ya watsu a jikin ƙyallen, yara suka yi ihu, wata yarinya ta ce taurari ne wani ya ce a'a ruwan sama ne, shi kuwa gogan ya gano in ya matsa kusa da tocila abin yana girma in ya ja baya yana ƙanƙancewa, ya shiga kai da kawowa ya ƙi fita sai da na shiga na ɗauko shi. Sai a lokacin ma'aikaciyar ta sake fito da ta Java ta ɗora a bayan ƙyallen, ta ce toh yanzu wa zai faɗa min me ya sa aka huda ta? Duk suka amsa a tare. Babu wanda ya yi musu bayani, hannunsu ne ya riga ya faɗa musu.

Ana tattara kaya wani yaro babba, zai kai shekara takwas, ya rako ƙanwarsa ne, ya tambaye ta wai ku a ina kuka samo duk waɗannan kayan? Na kasa kunne in ji yadda za ta zille. Ta ce wasu saya aka yi, wasu kyauta aka bayar, wasu kuma ƙwace aka yi da ƙarfi, kuma wanda aka ƙwace masu shi suna da haƙƙin su nema. Iyakar abin da ta ce kenan, kuma ya isa ɗan shekara takwas. Gidan kansa a 2022 ya mayar wa Najeriya mallakar kaya 72 da sojojin Birtaniya suka kwashe daga birnin Benin a 1897, a shekarar ce kuma ya ci kyautar gwarzon gidan tarihi na Birtaniya.

Ganin wannan ne ya sa abin da na tarar a wani wuri daban, wanda ba zan kira sunansa ba, ya tsaya min a rai. Tebur ne aka jibge farantan takarda da gashin tsuntsu mai kala-kala da ƙyalƙyali da gam, an kafa ɗan allo an rubuta wai yau fuskar Afirka za a yi. Babu sunan ƙasa, babu ko hoton abu ɗaya na gaske, babu mai cewa komai, ka huda ido biyu ka manna gashi ka sa roba ka yi gurnani. Nahiya mai ƙasashe 54 fa. Fuskokin da Dogon na Mali suke sawa na bikin sallamar mamaci ne, na Gelede na Yarbawa girmama iyaye mata ake da su, wasu ma akwai waɗanda ba a yarda kowa ya gan su ba, kowace da mai ita da dalilinta da lokacinta. Yaron da ya tashi daga wannan teburin me ya koya? Ya koyi cewa akwai wasu mutane can masu fuskar tsoro da gashin kaza. Haka zanen ɗige-ɗige na 'yan asalin Ostireliya, da ake yawan ba yara tsinken goge kunne a ce su yi ta dangwalawa. Wannan salon a kan allo da ƙyalle a wani ƙauye mai suna Papunya ya fara a 1971, kuma zanukan labaran kakanni ne da na ƙasa, kowane dangi da nasa, ko a cikinsu ba kowa ne yake da izinin zana na wani ba. Abin mamakin shi ne teburin farantan nan bai fi na wasan inuwa araha ba, duk kwali ne da gam. Bambancin kawai can an nuna abu na gaske an faɗi inda yake an koyar da dabarar an bar yaro ya zuba nasa labarin, nan kuma kamanni aka ɗauko aka jefar da sauran. Takwara dai ta yi nata ta saka, ban hana ta ba, na dai tambaye ta a hanya wace ƙasa ce, ta ce ƙasar gashi.

Ɓangaren kayan kiɗa na Horniman ba zan daɗe a kansa ba don kunnena bai daɗe ba. Kayan kiɗa sama da 1,300 ne a baje, akwai tebura da za ka danna ka ji sautin wanda kake kallo, a lambu kuma an kafa wasu manya da yara suke duka da iya ƙarfinsu. Mun je mun yi wa walrus sallama kamar yadda aka yi alkawari.

Wata rana muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa South Kensington, gidan tarihi na Victoria da Albert da ake kira V&A. Wannan na manya ne sosai, amma na tafi da takardu da fensir a jaka. A zauren fasahar Musulunci da ake kira Jameel akwai wata darduma shimfiɗe a tsakiya cikin ƙaton akwatin gilashi, dardumar Ardabil daga Iran, tsawonta ya haura mita 10 faɗinta ya haura 5, a jikinta an saƙa shekarar 946 bayan Hijira wato wajen 1539 zuwa 1540, da sunan Maƙsud Kashani. Saboda haske yana cin kala ba a barinta a haske kullum, minti goma ake kunna mata fitila duk bayan rabin awa. Ashe wannan shi ne abin da zai kama yara. Muka tarar da ita a duhu-duhu, na ce musu ku jira za ta farka, suka durƙusa a gefen gilashi suna ƙirga, fitila tana kamawa Auta ya tafa. Na ce wa takwara ta nemo min abin da aka maimaita, ta gano 'yan ƙwayaye 16 da suka zagaye furen tsakiya, ta ƙirga ta samu 14 ta sake ta samu 17, sannan ta ga fitilu biyu na ratayewa da aka saƙa a ciki ta ce ɗaya ta fi ɗaya girma, kuma haka ne, ni ban ma lura ba. A zauren akwai dogon mumbarin katako na Sarkin Misira Ƙaitbay, jikinsa duk taurari ne masu shiga cikin juna. Muka zauna a benci na zana mata murabba'i ɗaya na ɗora wani a karkace a kansa, tauraro mai kusurwa takwas ya fito, ta zaro ido kamar na yi dabo. Ranar takardun jakata duk sun ƙare a taurari.

Wanda ya fi tsaya wa takwara a rai a wani ƙaramin gidan tarihi na unguwa aka yi shi, gab da bikin Diwali na mabiya addinin Hindu, wanda a shekarar ya faɗo 12 ga Nuwamba. Wata mata ce ta zo, iyayenta 'yan jihar Tamil Nadu ne a kudancin Indiya, ta durƙusa a ƙasa da ɗan kwanon garin shinkafa, ta ɗiɗɗiga ɗigo a jere a jere, sannan ta debi garin tsakanin yatsa biyu ta fara sakin layi yana zagaya ɗigon nan yana lanƙwasa yana ratsa kansa har ya dawo inda ya faro, hannunta ko rawa ba ya yi. Ta ce su kolam suke kiransa, a wasu sassan Indiya kuma rangoli ake yi da kaloli, mata suke yi a bakin ƙofa da sassafe, kuma garin shinkafa ake sawa don tururuwa da tsuntsaye su samu abin ci. Ba ta ɓoye ba ta ce a addininsu yana da ma'ana ta maraba da alheri, ta faɗa wa iyaye a fili, ta ce yara dai zane za su yi da ɗigo da layi, wanda bai so ba ga teburin fenti can. Na ji daɗin wannan, mai abu ce ta kawo abinta da hannunta ta kuma faɗi iyakarsa. Aka ba yara yashi mai kala a cikin 'yan robobi masu tsinin baki, aka shimfiɗa baƙar takarda a ƙasa, kowa ya duƙufa, Auta ya juye robarsa gaba ɗaya wuri ɗaya ya ce dutse ne.

Da aka gama sai matar ta ɗauko tsintsiya. Takwara ta miƙe tsaye ta tare nata da hannu biyu ta ce a'a, ita gida za ta kai wa babanta. Matar ta tsugunna daidai tsayinta ta ce a gidansu kakarta kullum da asuba take sharewa ta yayyafa ruwa ta yi sabo, mutane suna takawa iska tana kwashewa, ba a ajiye shi, gobe ma akwai wani. Takwara ta ce toh me ya sa nan gidan suke ajiye komai a gilashi? Matar ta yi dariya ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Ƙarshe dai aka yi sulhu, na ɗauki hoto a waya, aka ba takwara tsintsiyar ta share da kanta, kuma da ta ga kalolin suna cakuɗewa suna zama wata kala ta daban sai ta nemi a bar ta ta share na kowa.

Na ƙarshe da muka leƙa shi ne Young V&A a Bethnal Green, gabashin Landan. Tsohon gini ne tun 1872, aka gyara shi aka sake buɗewa a Yulin 2023 don yara zalla, daga jarirai zuwa 'yan shekara 14, zaure uku ne, na wasa da na ƙirƙirar labari da na tsara abubuwa. Akwatunan gilashin an sauko da su ƙasa daidai idon mai rarrafe, ka ga abin Japan kusa da na Ingila kusa da na Indiya don kawai kalarsu ɗaya, kuma ba mai ce maka yi shiru. A lokacin suna baje kolin kayan Japan na musamman amma shi da tikiti ne kuma Auta ya riga ya fara murza ido, muka haƙura. Mai niyyar zuwa irin waɗannan wurare lokacin hutu ya fita da wuri, ya duba shafinsu na intanet tun daga gida don wasu zaman sai an kama wuri tukuna, ya kuma tafi da kayan canji, yashi mai kala har cikin safa yake shiga.

A hanyar komawa na tsaya wani shago na saya wa Auta abin huda takarda nasa na kansa, takwara kuma baƙin kwali, zanin gadon ɗakin baƙi ya zama ƙyallen wasa, aka ɗaura shi tsakanin kujera da ƙofa. Washegari da safe ina kicin na ji Yaya daga falo yana cewa "Wai wa ya taɓa min takardun kan tebur?" Na leƙo na gan shi ya ɗaga takardar kuɗin wuta sama yana kallona ta cikin huji. Takwara ta ce "Baba kar ka motsa, bari in ɗauko tocila."